Baba Rewaya da Fitilar A-kori-kurata

Da hantsin Talata aka sallaci surukina a Kurudu. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Kowa ya faɗi haka a ƙofar gidan, ni ma na faɗa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na san halin Abuja. Gari ne da ba ya riƙe mutum a rai. Ka mutu yau, kafin sadakar arba'in wani ya kafa rumfa a inda ka yi shekara ashirin kana zama, ya shafa sabon fenti, masu wucewa su ɗauka dama can shi ke wurin.

Mutanen gareji Baba Rewaya suke ce masa, don aikinsa wayoyin mota ne: fitila, hon, batir, duk inda wuta ke bi. Ranar jana'izar layinsu bai ɗauki motoci ba. Ga tifa, ga bas, ga keke, har da wata tsohuwar tankar ruwa da ta toshe hanya. Wani Bakano mai shagon kayan mota yana ta gaya wa na kusa da shi, "Wallahi dattijon nan gaskiyarsa ta cuce ni. Sai in sayar wa mutum ƙwan fitila, can sai ga shi ya dawo min da abina, wai Baba ya ce tsohon bai mutu ba." Yana faɗa yana dariya, yana goge ido da hannun riga.

Mai facin da rumfarsa ke manne da ta Baba, wani dattijo ɗan Gbagyi, Kirista ne, don haka da muka yi sahu sai ya koma gindin mangwaro ya tsaya, hula a hannu. Da aka sallame ya kama hannun liman ya ƙi saki. "Ni da wannan mutum shekara ashirin," in ji shi. "Mota ya zo, shi ya zagi mota, ni na yi dariya. Yanzu wa zai zagi mota?" Shi ne ma ya kira ni a waya da sassafe. "Oga direba, ka zo Kurudu. Babanka ya tafi."

Ni kuwa a sahun ƙarshe na tsaya, kamar wanda ya biyo hanya ya tarar ana salla. Wata takwas rabon da in taka layin. Matata, 'yarsa ta fari, shekara uku ke nan da rasuwarta, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba. In matar da ta haɗa ka da gida ta tafi, babu ɗa babu jika, me ya rage? Ni mutumin Zariya ne, iyayena sun rasu, 'yan'uwana kowa na fama da kansa. A duk faɗin Abuja gidan nan ne kaɗai nake shiga a yi min sannu da zuwa ba tare da an tambayi abin da ya kawo ni ba. Ga shi kuma rabuwarmu ta ƙarshe da Baba ba ta yi daɗi ba. Abin da ke cin raina a sahun nan guda ɗaya ne: ya rasu yana lissafa ni cikin mutanen gidansa, ko ya cire ni? Wanda ya san amsar yana kwance a gabanmu cikin likkafani.

Bari in faɗi yadda muke da shi. Bakatsine ne, cikin waɗanda suka zo Abuja tun ana sharar daji, kuma ya zo da al'adarsa cif, bai bar ko ɗaya a tasha ba. Kunyar surukuta a wurinsa ba abin wasa ba ce. Shekara bakwai na yi da 'yarsa, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Nata ma bai taɓa faɗa ba, tunda 'yar fari ce. Ita "yarinyar nan", ni "mai motar nan". In na zo, tun daga nesa zan tuɓe takalmi in durƙusa, kaina a ƙasa, shi kuma ya kawar da kai ya dubi bango. "An zo lafiya? Ya hanya? Madalla." Hira ta ƙare ke nan. In akwai magana, matata ce za ta kai ta dawo da amsa, ko da tsakaninmu taku biyar ne. Takan yi mana tsiya ta ce, "Ku biyun nan, ranar da ba na nan sai dai ku nemo tafinta." Mukan yi dariya, kowa a ɓangarensa.

Amma mutumin nan da ba ya iya haɗa ido da surukinsa, da ya ɗaga bonet sai bakinsa ya buɗe. Da motar yake magana, ita kanta. "Ke, me ya same ki? Wa ya cusa miki wayoyi haka kamar taliya?" Mai mota na tsaye yana ji ana wanke shi tas, ba halin ya yi fushi tunda ba da shi ake ba. In direba ya naɗe fiyus da takardar kwalin sigari, Baba zai zaro ta ya ɗaga sama kowa ya gani, ya ce, "Allah sarki, baiwar Allah. Ashe ƙone ki ake so a yi."

Ba zan ce waliyyi ne ba, don in na faɗa mai faci zai ƙaryata ni. Yana da rowar kayan aiki, ko sukundireba ba ya arawa. Yana da taurin kai. Yana da nawa a aiki irin wadda ke sa direba mai sauri ya ciji yatsa. In ka ce masa kana sauri, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce wa motar, "Sannu ba ta hana zuwa," ya tafi alwala. Kuma ba ka isa ka bar masa mota ka tafi shan shayi ba, dole ka tsaya ka ga abin da ake yi. Babban kayan aikinsa wani ɗan abin gwaji ne da ya haɗa da hannunsa: ƙwan fitilar babur, da waya, da ƙusa mai tsini a baki. In ya dangwala ƙusar a waya mai wuta sai ƙwan ya kama. A aljihun gaba yake ajiye shi, wuri ɗaya da carbinsa.

Abu ɗaya ne ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kai. Ko hon ka kawo gyara, ba za ka fita ba sai ya ce ka kunna dim, wato ƙaramar fitilar da ke kallon ƙasa. In ɗaya ta mutu, ko tana kallon sama, sai ya gyara ko ba ka so. Yakan ce, "Ful taka ce, dim ta mutane ce." Wani direban tifa ya taɓa ce masa shi ful, babbar fitilar mai dogon haske, ta ishe shi. Baba ya rufe bonet ya ce ya je wani wuri, kuma har ya rasu bai sake taɓa tifar nan ba.

Da matata ta rasu, bayan ciwon da bai cika sati biyu ba, sai hanyata ta shiga gidan ta toshe. Ba wanda ya kore ni. Mai kai magana ce babu. Da salla nakan je in durƙusa, a yi gaisuwar nan guda uku, in tashi. Aikina ɗaukar doya da masara ne a a-kori-kurata daga ƙauyukan Bwari zuwa kasuwar Gudu, ɗakina kuma yana bayan kasuwar. Duk yini ina cikin hayaniya, ana ciniki ana zage-zage, amma sai in yi sati ban yi magana da kowa ba in ban da "nawa" da "sauke nan". Abinci a tsaye nake ci wurin mai shinkafa, don in na kai ɗaki na zauna ba ya wucewa. Kewa ta yi min yawa, ba ni da wanda zan gaya wa.

Ana nan, wata ranar Laraba bayan magariba na tashi mota a bakin kasuwa, na murɗa fitila, shiru. Na ja sandar da ke jikin sitiyari, ful ta haske wuri tar. Na mayar dim, duhu, dama da hagu. Washegari na sayi sababbin ƙwai biyu na saka, babu labari. Wani matashin rewaya a Gudu ya leƙa ya ce, "Oga, ba wahala. Zan haɗa maka dairek, ko'ina ka murɗa ful ce za ta kawo." Har na ce to, sai na ji kamar ana kallona. A shekarun nan duka ban taɓa kai wa Baba motata ba. Ina ni ina sa surukina ya kwanta a ƙarƙashin sitiyarina? Amma ranar Juma'a da safe na tsinci kaina a hanyar Kurudu.

Na ajiye motar a gaban rumfar, na tuɓe takalmi, aka gaisa. Na dubi ƙasa na ce, "Dim ce ta ɗauke." Ya tashi ya zagaya motar sau ɗaya, ya dafa bonet ya ce, "Ashe kina da hanyar nan."

Ranar na ga aiki. Bai fara da abin da ya mutu ba. Ya ce wa motar, "Bari mu ji abin da ke da rai tukuna." Ya sa na kunna ful, ta kawo. Sigina ta kawo, fitilun baya suka kawo. "To, batirinki lafiya lau. Ba yunwa ke damunki ba." Ya zaro ƙwan da na saka ya ɗaga shi ga rana, ya ce wa motar ta duba da kyau, zare biyu ne a ciki, ɗaya na ful ɗaya na dim, duka ba wanda ya tsinke. Na matso na duba a madadinta. Sai ya ce, "Tsofaffin fa, ina aka jefa miki su?" Na ɗauko su a aljihun ƙofa. Su ma lafiyarsu ƙalau.

"Ƙwai biyu ba sa haɗa baki su mutu rana ɗaya," in ji shi. "In kin ga haka, ki nemi abin da ya haɗa su." Ya juya tsofaffin yana karanta rubutun gindinsu, ya yi tsaki. "Wanda ya riƙe ki kafin wannan ya sa miki ƙwai masu ƙarfin da ya fi na wayarki. Shi dai ya ga hanya, ke ki ƙone." Na ji daɗi da laifin bai faɗo kaina ba.

Ya buɗe akwatin fiyus. Ni na riga na duba su da ido na ga ba wanda ya ƙone, na kuwa yi ƙarfin halin faɗa wa tayar motar haka, tunda ba na iya gaya masa kai tsaye. Baba ya ce, "Ido maƙaryaci ne." Ya zaro abin gwajinsa ya dangwali kowane fiyus gefe da gefe, ƙwan yana kamawa. Daga nan ya koma kan rile, wani ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana wanda ke buɗe wa fitila hanyar wuta. Ya ɗora yatsa a kai ya sa na murɗa, muka ji ƙas. Duk da haka bai yarda ba. Ya cire shi ya musanya da na hon, tunda iri ɗaya ne, ya ce a danna. Hon ya yi ƙara har mai faci ya zabura ya zubar da ruwan gwajin tayarsa. "Rile ya fita daga zargi," in ji Baba. Ya dangwali soket ɗin bayan fitila, layin ful ya amsa, layin dim shiru.

Sai ga abin da nake gudu. Ya tuɓe hula, ya shimfiɗa buhu, ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafunsa a waje. Dattijo mai furfura, uban matata. Na rasa inda zan sa kaina, na juya ina kallon tarin tsofaffin tayoyi. Can na ji ya ce, "Yauwa. Ga ɓarawon." Ya fito da soket ɗin da ke haɗa sandar fitila da sauran wayoyi. Baki ɗaya a ciki ya yi baƙi ƙirin, robar gefensa ta narke. Ya sunsuna, ya ajiye a kan bonet inda zan iya ɗauka, ni ma na sunsuna. Ya yanke bakin da ya ƙone, ya sa wani, ya goge sauran da samfefa, ya mayar. Na murɗa. Ya tara tafin hannu a gaban gilashi, haske ya zauna a ciki. Bai tsaya nan ba, sai da ya sa na juya motar ta fuskanci bangon rumfa ta ɓangaren inuwa, inda ya ja layi da gawayi, ya yi ta murɗa sukurori har hasken ya sauko ƙarƙashin layin.

Ina shirin yin godiya in tafi, sai ya shafa bonet ya ce, "Ke zauna nan ki huce. Mai ke ya je masallaci, ya dawo ya ci abinci."

Bayan an sauko Juma'a aka kai min kwano ɗakin zaure. Tuwon masara ne da miyar kuɓewa busasshiya, girkin Inna, surukata, hannu ɗaya sak da na 'yarta. Baba yana cin nasa a tsakar gida, bango ne tsakaninmu, ina jin tarinsa da rediyonsa. Na ci a zaune, na cinye, na yi kuka kaɗan, na wanke fuska da ruwan wanke hannu.

Matsalar ita ce Baba in ya gyara abu ya gyaru. Sati uku fitila na ci lafiya, ni kuwa ba ni da dalilin komawa. Zumunta a ƙafa take, haka ne, amma ƙafar nan tana son abin da za ta ce ya kawo ta. Juma'a ta huɗu na tsaya a kwanar da ke shiga layinsu, gindin wata bishiyar darbejiya, na ɗaga bonet, na ɗan zaro rile rabi, na ƙarasa.

Ya bi tsarinsa daga farko kamar bai taɓa ganin motar ba. Da ya iso kan rile ya ɗora babban yatsa ya danna, abu ya koma mazauninsa. Sai ya ce, "Ramukan hanyar Bwari ne suka girgiza ki." Shi da kansa ya ƙirƙiro min ƙaryar. Aka je masallaci, aka ci tuwo.

Haka muka yi ta yi, wata bayan wata. Yau in sa mataccen fiyus, wani zuwan in sassauta soket ɗin bayan fitila. Mutumin da zai gano wannan kafin ka ƙifta ido sai ya yi awa guda yana zagaye, yana hira da mota. "Ke, mai ke yana ramewa. Ba ya cin abinci ne?" Ni kuma in amsa wa taya, "Ana ci." Wata rana ya ce, "Ki gaya masa namiji ba ya zama haka. In ya ga wadda ta kwanta masa a rai ya yi aure, ba wanda zai ga laifinsa a gidan nan." Wata rana kuma yana cikin ɗaure waya sai hannunsa ya tsaya. Ya ce, "Ke kika kai ta asibiti, ko?" Na ce wa taya, "Ita ce." Ya ɗan bubbuga ƙarfen da tafin hannu ya ce, "Kin yi ƙoƙari." Iyakar maganar da muka taɓa yi a kan 'yarsa ke nan.

Wautata ta zo ne da damina. Wata Alhamis ina da lodi a wani ƙauye bayan Bwari, na ga washegari ba zan sami sukunin tsayawa a kwanar darbejiya in taɓa wani abu ba, sai na yi dabarar mara wayo. Tun da rana, ina jiran a gama lodi, na sa hannu ƙarƙashin sitiyari na zare wayar nan da ya gyara da hannunsa. Na ce ai kafin duhu na isa Gudu. Ƙarfe biyar hadari ya haɗu, gari ya yi baƙi, ruwa ya tsuge. Hanya siririya, ga laka, ba wurin tsayawa in lalubi waya. Dole na kunna ful. A wata kwana wani mai babur ya taho, da mace a bayansa. Hasken ya dake shi a ido, na ga ya ɗaga hannu ya kare fuska, sai kawai suka gangara rami. Ni ma na kauce na goga gefen motar a jikin kututture. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma hannun mutumin ya karye, matar ta fasa goshi. Ni na kai su asibiti, suna ta yi min godiya, abin da ya fi min zagi ciwo.

Da safe na isa rumfar Baba, gefen mota a lotse. Mai faci na nan, da wasu direbobi biyu. Baba ya dubi lotsawar ya ce, "Ke kuma da wa kika yi faɗa?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗi yadda aka yi, har da ƙarfe nawa. Ya sunkuya ya sa hannu ƙarƙashin sitiyari, ko kwanciya bai yi ba, ya taɓo wayar tana lilo. Ya miƙe. Sai ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko tun da na san shi.

"Kai," ya ce. "Sau nawa kana cirewa ina mayarwa? Ka ɗauka ban sani ba? Na yi shiru ne don na san zafin ɗakin da ba kowa. Ni ma 'yata ce. Amma ka hau titi da ita haka? Mai babur ɗin nan ba shi da 'ya'ya ne? In tuwo kake so, ka zo ka ci tuwo. In mu kake son gani, ga ƙofa nan a buɗe, ba ta taɓa rufuwa ba. Amma fitilar mutane ka fita harkarta."

Direbobin nan suka sunkuyar da kai, mai faci ya kama buga tayar da ba ta buƙatar bugu. Baba ya mayar da wayar cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, ya kunna ya gani, ya kashe, ya ɗauki butarsa ya wuce. Ni ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na jefa su cikin mota na ja.

Ba abin da ya faɗa da ba gaskiya ba, kuma bai kore ni ba, kunnena ya ji sarai. Kunya ce ta kama ni. Namiji da gemunsa an tone shi a gaban mutane, an gane yana lalata motarsa da hannunsa don a ba shi tuwo. Kullum sai in ce sati mai zuwa. Sau da yawa nakan tuƙa har kwanar nan ta darbejiya, in tsaya, in juya. Da salla na aika da doya ta hannun wani direba. Fitila kuwa ba ta sake ko ƙiftawa ba. Da wata ya bi wata, sai na fara gaya wa kaina ai shi ma bai neme ni ba, ƙila ya gaji da ni, ƙila ma ya ga barin da na yi ya fi masa sauƙi.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a mutane sun fara watsewa, ina neman hanyar sulalewa sai ƙanin matata, babban ɗan Baba namiji, ya riƙo hannuna ya ce, "Yaya, Inna na kira." Na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Tana bayan labule, ƙafafunta kawai nake gani. Na yi mata gaisuwa, ta amsa.

Ta ce, "Sati uku ya yi a kwance. Yaron nan ya ɗauki waya zai kira ka, ya hana."

Na ce a raina, to, ga amsar.

"Cewa ya yi, kada wanda ya kira shi. Na kunyata shi a gaban mutane, in kun kira shi zai zo ne da kunyarsa a ka. Ku bari ta sake shi, zai zo da ƙafarsa. Ɗan gida ba a aika masa goron gayyata." Ta numfasa. "Duk Juma'ar da ya yi a kwance, da hantsi sai ya ce a buɗe masa tagar nan mai kallon layi. Wai ya san kukan injinka. In an sauko masallaci sai ya ce a rufe, ƙila lodi ya riƙe shi."

Ta ci gaba, "Ni yanzu takaba zan shiga, wata huɗu da kwana goma ba fita. Yaran nan kowa zai koma wurin aikinsa. Cefanen gidan nan yana wuyanka, ka ji ko?" Na ce na ji. Ta ce, "Ina ka shiga ne, ɗan nan?" Na ce, "Hidima ce, Inna."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa zafin zuciyarsa, Ya haskaka masa makwanci, Ya haɗa shi da 'yarsa a inda ba a rabuwa. Duk direban da ya taɓa tsayawa a rumfar nan, in ya karanta wannan, ya sa shi a addu'a ko sau ɗaya.

Na sami amsar da nake nema, kuma ta fi wadda nake tsoro nauyi. Abin da na kasa gaya wa Inna, bari in faɗe shi a nan. Juma'arsa ta ƙarshe a duniya, da hantsi, ina kwanar layinsu, gindin darbejiya. Tun daga nesa na kashe injin na gangaro a hankali don kada wani ya ji ya gane ni. Na yi kusan awa guda a zaune, hannuna a kan sitiyari, sannan na juya na koma Gudu. Daga wurin zuwa tagar, tafiyar minti biyar ce a ƙafa.